Koyar da Tarihin Afirka, Baƙar Fata da Duniya a Jami'a: Tambayoyin Sababbin Malamai

Duk lokacin da aka raba kwasa-kwasai a sashen tarihi, sababbin malamai ne ake ɗora wa manyan azuzuwa: tarihin Afirka na 'yan aji ɗaya, tarihin baƙar fata a ƙasashen ƙetare, da tarihin duniya. Tambayoyin da suke zuwa da su ofishina kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Shi ya sa na tara su a nan tare da amsoshin da nake bayarwa.

Waɗannan kwasa-kwasai uku, me ya raba su, me ya haɗa su?

A takarda kowanne da lambarsa da ranar jarrabawarsa. Na farko yana bin mutanen nahiyar tun daga zamanin dutse har zuwa 'yancin kai. Na biyu yana bin waɗanda aka fitar daga nahiyar da zuriyarsu, a Amurka, Birazil, tsibiran Karebiyan, ƙasashen Larabawa da Indiya. Na uku yana duba yadda sassan duniya suka yi cuɗanya ta hanyar fatauci, addini, yaƙi da annoba.

A cikin aji kuwa labari ɗaya ne. Bawan da aka kama a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa bayan 1804, aka gangara da shi bakin teku, ya ƙare a gonar rake a Bahiya ta Birazil, sukarin da ya noma kuma aka sha shi a Turai, ya ratsa kwasa-kwasan uku shi kaɗai. Idan an ba ka ɗaya daga ciki, ka nemi malaman sauran biyun ku zauna ku daidaita abin da kowa zai koyar.

Tun yaushe tarihin Afirka ya zama darasin jami'a?

Bai daɗe ba. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, tarihin Turai da na Turawa a Afirka ne ya cika manhajar. Har a 1963 wani babban farfesan Oxford, Hugh Trevor-Roper, yana cewa babu abin koyarwa a tarihin Afirka sai abin da Turawa suka yi a cikinta, sauran duhu ne. Wanda ya fara karya irin wannan ra'ayi a Najeriya shi ne Kenneth Dike. Bincikensa kan ciniki da siyasar yankin Neja Delta ya fito a 1956, shi ya tsaya aka kafa taskar adana takardun tarihi ta ƙasa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Najeriya a 1955. J. F. Ade Ajayi da takwarorinsa suka ɗora, har aka san su da mazhabar Ibadan.

Mu a Arewa, silsilarmu ta bi ta Abdullahi Smith. Ya koyar a Ibadan, ya dawo Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya assasa Arewa House a Kaduna a 1970. Shi ya nace cewa rubuce-rubucen Larabci na malaman Sakkwato da Barno hujjoji ne na farko, a nemo su, a adana, a karanta. Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, ya ƙara gaba: ya koya mana mu tuhumi kowace hujja, ko ta Bature ce ko ta bafade, kuma mu daina kallon tarihi a matsayin gwabzawar ƙabilu. A Nijar akwai Boubou Hama, André Salifou da Djibo Hamani. A Dakar akwai Cheikh Anta Diop, a Darussalam ta Tanzaniya kuma Walter Rodney. Ka ba ɗalibai wannan labari a makon farko, don su san cewa da faɗa aka samo darasin da suke zaune a cikinsa.

Yawancin ɗalibaina ba su taɓa yin tarihi a makaranta ba. Daga ina zan fara?

Ba laifinsu ba ne. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya daga shekarar karatu ta 2009/2010, bikin dawo da shi a hukumance kuma sai a 2022. Wasu ma wani fanni suka nema, aka turo su sashenmu.

Ka fara da taswira da lissafin ƙarni. Ka tabbatar kowa ya san cewa 1804 tana cikin ƙarni na 19, kuma zai iya nuna Kogin Kwara, Tafkin Cadi, Agadas da Tambutu. Daga nan ka kama abin da suka riga suka sani: sunan unguwarsu, ganuwar garinsu, sarautar da ke gidansu. Ɗalibin da ya gano dalilin da ya sa ake samun Zangon Hausawa a Kumasi ya riga ya shiga tarihin fataucin goro na Gwanja ba tare da ya ji tsoro ba.

Da waɗanne hujjoji zan koyar da zamanin da ya gabaci zuwan Turawa?

Suna da yawa, har zangon karatu ɗaya ba zai ɗauke su ba. A rubuce akwai labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma da limaminsa Ahmad ibn Furtuwa ya rubuta a shekarun 1570, akwai Tarikhus Sudan na Assa'adi daga Tambutu a tsakiyar ƙarni na 17, akwai Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da aka kammala a 1812, ga wasiƙun muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello na Sakkwato da Shehu Laminu na Barno kan halaccin jihadi. Waɗannan wasiƙu su ne abin da na fi son kai wa aji, domin malamai biyu ne masu ilmi, kowa da hujjarsa, kuma ɗalibi ba zai iya haddace "amsa" ya huta ba.

Sai abin da aka tono daga ƙasa: kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai kimanin shekara 8,000, gumakan yumɓu na Nok da matoyar ƙarfe ta Taruga, kayan tagulla na Igbo-Ukwu na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, da kufan Jenne-jeno a Mali wanda ya nuna cewa an yi birni a gaɓar Kwara tun kafin Musulunci ya iso.

Abin da za ka koya musu shi ne yadda ake yi wa hujja tambaya. Ɗauki Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908. An haɗa shi a rubuce ne a ƙarshen ƙarni na 19, kuma shekarar 999 da ake cewa Bagauda ya hau mulki lissafin Palmer ce, ya tara shekarun sarautar sarakuna yana komawa baya. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai sake rubuta shekara ba tare da ya tambayi inda ta fito ba.

Tarihin baka abin dogaro ne? Me zan ce game da Bayajida?

Abin dogaro ne idan an san yadda ake riƙe shi. Jan Vansina ya shimfiɗa hanyoyin tace shi tun 1961, kuma a Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa don tattara shi. Ƙa'idar ita ce ka san mai ba da labarin, gidan da ya fito, wa ya gaya masa, da kuma abin da zai samu ko ya rasa idan aka yarda da ruwayarsa. Kirarin sarki da waƙar maroƙi hujjoji ne, amma an yi su ne don yabo.

Labarin Bayajida kuwa, kada ka ce wa ɗalibai tatsuniya ce ka wuce, kada kuma ka koyar da shi kamar rahoton abin da aka gani da ido. Abdullahi Smith ya nuna cewa labarin ba ya bayyana asalin Hausawa, tunda a cikinsa ma baƙon ya tarar da gari da sarauniya da rijiya. Abin da yake bayyanawa shi ne yadda gidajen sarauta suka fahimci dangantakarsu da juna. Ka sa su kwatanta ruwayoyi biyu ko uku, su nemo inda suka saɓa, sannan su tambayi dalili. Wannan ita ce hanyar da na ambata a amsar da ta gabata, aka ɗora ta a kan magana maimakon takarda.

Me ya haɗa ɗalibin Kano ko Maraɗi da tarihin baƙar fatar Amurka?

Jini ya haɗa su. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka tsakanin ƙarni na 16 da na 19, wajen miliyan 10.7 suka sauka da rai. Ɗalibai kan ɗauka ƙasar Amurka ce ta kwashi mafi yawa, alhali waɗanda aka kai can kai tsaye ba su kai 400,000 ba. Birazil ita kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5, kuma ba ta haramta bauta ba sai a 1888.

A Bahiya ta Birazil ɗin nan Hausawa suka shirya tawaye a 1807, aka tona asirinsu kafin su tashi, suka sake yunƙurawa a shekarun da suka biyo. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salbado, babban birnin Bahiya, da fararen riguna, aka tarar da layu da ayoyin Alƙur'ani a jikin waɗanda aka kashe. Ga kuma Muhammad Ali Sa'id na Kukawa, ɗan Barka Gana, jarumin Shehun Barno. An kama shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus, Istambul da Rasha, ya ƙare soja a yaƙin basasar Amurka a 1863, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa. Duk ranar da na kawo labarinsa, ajin kan yi tsit.

Daga nan sai ka biyo da dawowar tasirin: juyin juya halin Hayiti daga 1791 zuwa 1804, taron haɗin kan baƙar fata na Manchester a 1945 inda Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta suka zauna da W. E. B. Du Bois, da rasuwar Du Bois ɗin a Akara a 1963.

Su can Amurka, yaya aka yi darasin ya shiga jami'o'insu?

Shi ma da faɗa. Carter G. Woodson ya kafa ƙungiyar nazarin tarihin baƙar fata a 1915, ya fara makon tunawa da tarihinsu a Fabrairun 1926, wanda ya zama wata guda cur a 1976. William Leo Hansberry ya fara koyar da tsohon tarihin Afirka a Jami'ar Howard a 1922, kuma Nnamdi Azikiwe yana cikin ɗalibansa. Manyan jami'o'in farar fata ba su buɗe ƙofa ba sai da ɗalibai suka tilasta musu. A San Francisco State an yi yajin karatu daga Nuwamban 1968 zuwa Maris 1969 kafin a amince da sashen nazarin baƙar fata. Idan ka ajiye wannan kusa da labarin Ibadan da Zariya da ke sama, ɗalibai za su ga cewa gwagwarmaya ɗaya ce aka yi a gaɓa biyu na teku.

Yaya zan koyar da bauta, musamman wadda aka yi a cikin gida?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma a nan na ga malamai da yawa suna kauda kai. Yana da sauƙi ka yi lakca uku kan zaluncin Turawa a tekun Atilantika, sannan ka tsallake rinji (ƙauyen bayi manoma), murgu (kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya yi aikin kansa), cucanawa (waɗanda aka haifa cikin bauta) da ƙwaraƙwarai. Idan ka yi haka ka ha'inci ɗalibanka. An yi bauta mai yawa a daular Sakkwato da Barno da Damagaram, an tura bayi arewa ta Sahara ɗaruruwan shekaru, kuma sarakunan bakin teku sun sayar da mutane ga jiragen Turawa. Turawan mulkin mallaka ma ba su yi gaggawar kawar da ita ba: dokar Gwamna Lugga ta 'yantar da 'ya'yan da aka haifa bayan Maris 1901, amma haramcin gaba ɗaya a Arewacin Najeriya sai a 1936. A Nijar sai a 2003 doka ta mai da bauta laifi, kuma a 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani.

Ka tuna cewa a cikin ajinka akwai jikokin masu bayi da jikokin bayi, kuma wasu sun san kansu. Ka kafa doka tun ranar farko: babu nuna yatsa, babu kiran sunan gidan kowa, babu wasan "bawana" a lokacin darasi. Ka guji faɗin cewa bautarmu mai sauƙi ce. Gaskiya ne bawan sarki na iya zama Shamaki ko Ɗanrimi a Kano ya fi ɗa ƙarfi, amma wanda ke noma a rinji ko yarinyar da aka raba da uwarta a kasuwa ba su ga wannan sauƙi ba. Ka kuma guji faɗin cewa duk ɗaya ne, domin bautar gonakin Amurka ta ɗaure bauta da launin fata ta hanyar da ta bar tabo har yau.

Hujjar da za ta taimake ka ita ce fatawar Ahmad Baba na Tambutu ta 1615. Mutanen Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, suka tambaye shi wa ya halatta a bautar, ya amsa cewa baƙin fata ba dalilin bauta ba ne, ya ƙaryata labarin la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu da ake jingina bautar baƙar fata da shi, ya lissafa Kano, Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Amma bai haramta bautar kanta ba. Ka ba su su karanta, su yi muhawara a kan abin da ya kare da abin da ya bari.

Tarihin duniya ba tarihin Turai ba ne da aka sauya wa suna?

A manhajoji da yawa haka yake: Girka, Rum, juyin juya halin Faransa na 1789, yaƙin duniya biyu, shi ke nan. Ba sai ka zubar da waɗannan ba, amma ka sauya wurin da kake tsaye. Ka tsaya a Kasuwar Kurmi ka duba abin da ke shigowa. Wuri, wanda jam'insa ya ba mu kalmar kuɗi, daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ake kawo shi. Masara, duk da sunanta yana nuni da Masar, asalinta Meziko. Rogo, gyaɗa, tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Fatar akuyar Sakkwato ta kai Turai da sunan fatar Maroko. Hajjin Mansa Musa na 1324 ya sa aka zana shi riƙe da zinariya a taswirar da aka yi a Mayorka a 1375.

Haka za ka bi har ƙarni na 20. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta ɗaure manomin Arewa da farashin kasuwannin Turai, don haka karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta shiga har rumbunsa. Yaƙin duniya na biyu kuma ka koyar da shi ta bakin 'yan Boma, sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da kuma sojojin Afirka da Faransa ta harbe a Caroy kusa da Dakar a Disamban 1944 saboda sun nemi haƙƙinsu.

Ɗalibai na zuwa da abin da suka gani a intanet, cewa baƙar fata ne suka ƙirƙiro komai. In ƙaryata su?

Ka saurare su tukuna. Ƙishirwa ce ta kai su can, domin an daɗe ana gaya musu cewa kakanninsu ba su yi komai ba. Batun Masar, alal misali, muhawara ce ta ilmi: Cheikh Anta Diop da Théophile Obenga sun kare ra'ayinsu a gaban masana a taron UNESCO na Alƙahira a 1974, kuma babu mai musun cewa sarakunan Kush daga Sudan ta yau, irin su Piye da Taharka, sun mulki Masar. Amma hoton da aka yaɗa a Facebook ko TikTok babu tushe, sai a yi masa tambayoyin da muka yi wa Tarihin Kano. Malamin tarihi ba maroƙi ba ne. Abin da Afirka ta yi da gaske ya isa, ba ya buƙatar ƙari.

Ina mata a cikin wannan manhaja?

Kada a taƙaita su ga Sarauniya Amina a lakca ɗaya. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru da jagororinsu mata da ake kira jaji, masu kai karatu ƙauyuka. Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu, cikin Nijar ta yau, a 1899. Matan Aba sun girgiza mulkin mallaka a 1929. Labarin rayuwar Baba ta Karo da aka buga a 1954 kuma ya nuna aure, kulle, harin bayi da zuwan Turawa ta idon mace talaka. Ka saka su a cikin kowane mako, a batun kasuwa, ilmi da bauta.

Laburarenmu babu sababbin littattafai. Me zan ba su su karanta, kuma zan iya yin Hausa a aji?

Babban Tarihin Afirka na UNESCO, wanda aka fara aikinsa a 1964, kundayensa takwas na farko suna intanet kyauta, kuma an fassara taƙaitaccen bugun wani ɓangarensa zuwa Hausa. Rumbun SlaveVoyages, mai ɗauke da bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi sama da 36,000, shi ma kyauta ne, ana buɗe shi da waya. Shafi biyar na hujja ta asali ya fi takardun lakca hamsin da za a haddace. Ka kai su taskar takardu ta Kaduna, Arewa House, Gidan Makama, cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato ko cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, ko sau ɗaya ne.

Harshen jarrabawa Ingilishi ne ko Faransanci, kuma a aji akwai waɗanda ba sa jin Hausa, haƙƙinsu ne su fahimci komai. Amma kalmomi irin su sarauta, talaka, jangali, fatake da murgu ka bar su da Hausarsu ka yi bayani, domin fassara tana rage musu ma'ana. Ka kuma ƙarfafa wa masu karatun allo gwiwa: wanda ke karanta Larabci da ajami yana riƙe da mabuɗin da abokansa ba su da shi.

Aji ya haura mutum 200. Yaya zan gwada su ba tare da haddace-ka-zubar ba?

A jarrabawa ka sa aƙalla tambaya ɗaya da za ka ba su guntun hujja, sakin layi daga wasiƙar Shehu Laminu ko rahoton wani Di'o, ka ce su faɗi wa ya rubuta, don wa, da abin da ya ɓoye. Ba a haddace amsar irin wannan, kuma ba ta da wuyar dubawa a ba da maki.

A aikin gida ka raba su rukuni-rukuni na mutum biyar zuwa takwas, kowane rukuni ya yi hira da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya kan abu guda: zuwan dogo, yunwar 1973, tafiya Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, ko sana'ar rini. Su nemi izini kafin su ɗauki murya, su rubuta rana da wuri, su kawo faifan tare da shafi uku na nazari bisa ƙa'idojin da ke amsar tarihin baka. Ka ajiye faya-fayen a sashe da lamba da suna, domin 'yan aji huɗu masu neman batun kundin digiri za su buƙace su nan da shekara biyu ko uku.